Daga Hawan Kibo zuwa Cafayate: abin da tudu ke yi wa ƙamshin inabi

Duk wanda ya taɓa tashi daga Abuja da rana tsaka ya nufi Jos ya san inda labari ke canzawa. Za ka wuce Keffi da Akwanga kana sharce gumi, gilashin mota a sauke, amma da zarar injin ya fara nishi a Hawan Kibo sai ka ji iska ta soma cizon kunne. Kafin a kai Riyom, mai goyo ta lalubo wa ɗanta hula. Tsakiyar Abuja ba ta wuce mita 500 sama da teku ba, Jos ta ɗan haura 1,200, ƙololuwar duwatsun Shere kuwa ta kai wajen 1,800. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Wato abin da ke tsakanin garuruwan biyu bai fi digiri 5 ba, amma wannan ɗan bambancin ne ya ba mu dankalin Turawa na Bokkos, da sitiroberi na Chaha, da kabeji da karas ɗin da ake lodawa a Farin Gada kullum safiya.

Kawuna yana da kuringar inabi guda ɗaya a tsakar gidansa a Bukuru, ya ɗora ta a kan rumfar da yake alwala a ƙarƙashinta. Da damina takan yi ganye har ta rufe rumfar ruf, 'ya'yan kuma su fito, sai su yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari, su shanye, su zube. Wata rana yana tsince busassun da hannu ya ɗago ya dube ni. "Kai ɗan nan, an ce a ƙasashen waje inabin da ya fi ƙamshi a kan tsaunuka ake noma shi. To mu ba a kan tudu muke ba? Me muka rasa?" Na ce, "Kawu, a bar ni in yi nazari." Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye.

Mafi yawan abin da aka sani game da ƙamshin inabi daga masu yin farar giyar inabi aka same shi, domin su ne suka zuba kuɗi a binciken, kasuwarsu a hanci take. Hukuncin giya ga Musulmi a fili yake, ba shi na zo tattaunawa ba. Jos dai gari ne na kowa da kowa, kuma manyan kantunan Abuja cike suke da kwalaben da masu saye ba su san abin da aka rubuta a jikinsu ba. Amma ilimin na tsiro ne, kuma yana da amfani ga wanda ba zai taɓa kai kwalba baki ba, in dai yana cin inabi, ko yana shan ruwansa, ko yana tunanin nomansa.

Ita farar giya, abin da ya raba ta da ja shi ne ana matse ruwan a raba shi da ɓawo kafin ya tsimu. Ja tana samun launi da ɗan ɗacin nan mai kama harshe daga ɓawo. Fara ba ta da inda za ta ɓuya. Abu biyu kawai ta dogara da su, ƙamshi da tsami, kuma dukansu zafi ne babban maƙiyinsu.

A ɗauki ƙamshi tukuna. Idan ka ga an rubuta a kwalba cewa tana ƙamshin gwaiba ko furen wardi, ba wani ya jefa gwaiba a ciki ba. Sinadarin da ke ba gwaiba ƙamshinta ne ko danginsa yake cikin abin. Iyali na farko su ne waɗanda ake kira tafin, irin su linalul da jeraniyol. Linalul na cikin furen lemu, jeraniyol na cikin turaren wardi. Inabin Muscat ya fi kowa tara su, sai Gewürztraminer wanda ya samo sunansa daga ƙauyen Tramin a tsaunukan arewacin Italiya, sai Torrontés na Ajantina. Waɗannan ba sa ɓoye halinsu: ka ciji ƙwaya ɗaya ɗanya a gona, ƙamshin zai bugi hancinka nan take.

Inabin Sauvignon Blanc kuwa munafuki ne, in an yarda in faɗi haka. Ɗanyensa ba ya wani ƙamshin a zo a gani, sai ɗan warin ɗanyen ganye, irin wanda ke tashi idan an yanka koren tattasai. Wannan warin na wani sinadari ne da ake kira firazin, wanda yake cikin tattasan ma, kuma hancin mutum yana kama shi ko da kaso biyu ne cikin tiriliyan. Don a gane ƙanƙantar wannan, a ce an sami tafkin ninƙaya irin na gasar Olamfik, mai cin lita miliyan 2 da rabi, aka jefa abin da bai kai rabin nauyin ƙwayar shinkafa ba, kuma a ce mai kyakkyawan hanci zai ji. Hasken rana yana rage firazin yayin da inabi ke nuna, shi ya sa wanda aka bari a cikin inuwar ganye yakan fito da warin ɗanye. Amma ƙamshin da ya yi wa Sauvignon suna a duniya, mai kama da na nunanniyar gwaiba, ba ya nan sam a cikin ɗanyen ruwan. A ɗaure yake da wani sinadarin daban, kamar akuya a turke, sai yis ya zo lokacin tsimuwa ya kwance shi. Masu bincike a jami'ar Bordeaux ta Faransa, ƙarƙashin Denis Dubourdieu, su ne suka gano wannan a shekarun 1990. Sunan iyalin tiyol, kuma idan ɗayansu ya yi yawa, su kansu mashaya sukan ce yana zarnin fitsarin kyanwa. Ba zagi suke yi ba, siffantawa ce, har da masu neman sa da kuɗinsu.

Riesling na Jamus kuma idan ya kwana biyu a kwalba sai ya ɗauki warin kananzir. Gaskiya ne, kananzir na risho. Yana fitowa ne daga rugujewar sinadaran launin da inabin ke tarawa don kare kansa daga rana, saboda haka inda rana ta fi duka, nan warin ya fi fitowa da wuri. Akwai kuma ƙamshin da ba na inabin ba ne ko kaɗan. Na ayaba, yis ne ke yin sa idan aka tsima ruwan a cikin sanyi, tsakanin digiri 12 da 18. Na man shanu da ake ji a wasu kwalaben giyar inabin Chardonnay, ƙwayoyin bakteriya ne ke kawo shi yayin da suke juya tsami mai kaifi zuwa irin na nono. Na banila daga itacen gangar da aka adana shi ne. Chardonnay a karan kansa kusan ba shi da ƙamshi, kamar farar shinkafa yake, miyar da aka zuba masa ita ce ɗanɗanonsa.

Sai tsami, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar tudu. A cikin ƙwayar inabi akwai tsami iri biyu manya. Ɗaya, tatarik, ba ya saurin gushewa. Ɗayan, malik, irin na ɗanyen tuffa, inabin yana cinye shi ne a matsayin abinci yayin da yake nuna, kuma gwargwadon zafi gwargwadon saurin cinyewar. Da rana ganye na haɗa sukari yana aikawa 'ya'ya. Da dare aikin sukari ya tsaya, amma numfashin ƙwayar bai tsaya ba. Idan dare ya yi ɗumi, irin daren Abuja a watan Maris da fanka ma iskar zafi take hurawa, sai ƙwayar ta kwana tana ƙona tsaminta, sukari ya cika tun ƙamshi bai gama haɗuwa ba, a sami abu mai zaƙi salam kamar ruwan sukari. Idan dare ya yi sanyi, ƙonawar ta ragu, nuna ya tafi a hankali, ƙamshi ya sami lokacin taruwa. Rana mai haske, dare mai sanyi, wannan shi ne abin da manomi ke saye idan ya hau tudu. Akwai ƙari: hasken nan mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, inabi kuma yana mayar da martani da kaurin ɓawo, kuma yawancin sinadaran ƙamshi a ɓawon suke.

Galibin gonakin inabin duniya suna tsakanin digiri 30 da 50 daga tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta gida biyu a taswira, ta arewa ko ta kudu. Wanda ya yi nisa da tsakiya ba ya bukatar dutse. Kwarin Mosel na Jamus ba wani tudu ba ne, haka Marlborough ta Niyu Zilan wadda ta yi suna da Sauvignon tana dab da bakin teku, sanyinsu daga nisa da iskar teku yake zuwa. Wanda ya matso kusa da tsakiya shi ne dole ya hau. Cafayate, a lardin Salta na Ajantina, tana kan digiri 26 ta kudu, da a ce a ƙasa take da zafi ya hana, amma tana kan mita 1,700, kuma can ne gidan Torrontés. A lardin dai akwai gonar kamfanin Colomé da ke kan mita 3,111. A Mendoza, ita ma a Ajantina, mai gonakin inabi Nicolás Catena ya dasa gonar Adrianna a 1992 a kusan mita 1,500, lokacin da ake ganin wurin ya yi sanyi da yawa, ga shi yanzu Chardonnay ɗin wurin na cikin mafi tsada a nahiyar. A Turai kuwa mita 1,200 ma abin labari ne: a Morgex, gindin dutsen Mont Blanc ta ɓangaren Italiya, ana noma wani farin inabi mai suna Prié Blanc a wannan tsayin, a kan gajerun rumfuna dab da ƙasa don ya sami ɗumin da duwatsu suka sha da rana. Tsayinsu ɗaya da Jos ke nan. Su a can dabarar neman ɗumi suke yi, mu nan muna alfahari da sanyi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa lambar mita ba ta faɗin komai sai an tambayi a wane yanki na duniya dutsen yake tsaye.

To me Cafayate take da shi wanda Bukuru ba ta da shi? Na farko, fari. Ruwan saman da ke sauka can a shekara bai fi milimita 200 da 'yan kai ba, da ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan Andes ake ban ruwa. Jos tana samun kusan 1,400, kuma kusan duka tsakanin Afrilu da Oktoba, Yuli da Agusta ma sai a yi kwanaki ba a ga rana ba. Inabi ba ya ƙin ruwa a saiwa, a ganye da 'ya'ya ne ba ya so. Cutar da ta fi yi masa ɓarna a damina, wadda ta shiga Faransa daga Amurka a 1878, 'yar uwa ce ta kusa ga cutar da ke ƙone ganyen dankali a Bokkos da Mangu idan ruwa ya yi yawa. Dangi ɗaya ne, laima da sanyi-sanyi suke so. Duk manomin dankalin da ya taɓa kwana da koriyar gona ya wayi gari ta yi baƙi ya riga ya san abokin gabar. Maganin farko da aka samo mata, haɗin tagulla da farar ƙasa da ake kira haɗin Bordeaux, tun 1885 yake, kuma har yau ana samun magungunan feshi masu tagulla a shagunan kayan gona. Ga kuma ƙanƙara, wadda ba baƙuwa ba ce a Filato farkon damina, minti goma sun ishe ta ta tsiyata mai gonar inabi.

Na biyu, barci. A ƙasashen da inabi ya fito, sanyin hunturu yakan sa ya zubar da ganye ya kwanta wata uku ko huɗu, sa'an nan idanunsa su buɗe gaba ɗaya lokaci guda. Sanyin Jos, duk da rigunan sanyin da muke jibgawa a Disamba, bai kai ya kwantar da shi ba. Muna kan digiri 10 ne kawai daga tsakiyar duniya, tsawon yini ma kusan ɗaya ne duk shekara. Kuringar da aka bari ta yi yadda take so sai ta yi ta toho ba tsari, wani reshe na fure wani na nuna, ƙarfinta ya tafi a ganye. Ta kawuna ke nan.

Da a nan maganar ta tsaya da sai in ce masa ya haƙura ya shuka gwaiba. Amma akwai waɗanda suka fi mu zafi kuma suka yi. A Nashik ta Indiya, wadda tsayinta bai fi rabin na Jos ba kuma damina ke dukanta da ƙarfi, manoma suna datse kuringa sau biyu a shekara. Datsewar Afrilu ta gina rassa ce, ba a neman 'ya'ya a cikinta, damina ta zo ta sami ganye kawai. Datsewar Oktoba ita ce ta 'ya'ya, su nuna a cikin sanyi da bushewar Janairu, a girbe a Fabrairu da Maris. Don idanun su buɗe tare tunda babu hunturun da zai yi musu wannan aikin, akan shafa musu wani magani, haidirojin sayanamid, mai guba ne kuma sai da safar hannu. A tsaunukan Minas Gerais na Birazil ma da irin wannan datsewa biyu suka mayar da girbi zuwa lokacin sanyinsu mara ruwa. A nahiyarmu, Dodoma ta Tanzaniya, mai tsayi kusan ɗaya da Jos, tana girbi sau biyu a shekara kuma tana noma farin inabin Chenin Blanc, sai dai ta fi mu fari nesa ba kusa ba. A Naivasha ta Kenya akwai Sauvignon a wajen mita 1,900, a Ziway ta Habasha kamfanin Castel na Faransa ya dasa gona a 2007 a kan mita 1,600. Kusa da gida ma, a ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna ana noman inabin ci har ana kai shi kasuwa, kuma ba su da tudun da muke da shi.

Idan aka ɗora wannan lissafin a kan kalandar Filato, sai mutum ya ga abin da muke zaune a kansa. A datse a Oktoba da ɗaukewar ruwa, fure ya fito a Nuwamba, 'ya'ya su cika su fara nuna a Janairu, daidai lokacin da dare ke sauka zuwa digiri 11 ko ƙasa, rana kuma ta fito tarwai, iska a bushe har leɓe na tsagewa. Wannan shi ne yanayin da mutanen Salta ke tallatawa, mu kuma muna kiran sa hunturu muna shafa man kaɗanya. Sai a yi sauri a girbe kafin zafin Maris ya kankama da kuma ruwan farko na Afrilu. Ruwan ban ruwa akwai shi a tsofaffin ramukan haƙar kuza, waɗanda 'yan lambu ke jan ruwa daga cikinsu tun ba yau ba, ko da yake ya kamata a gwada ruwan kowane rami kafin a dogara da shi. Ba na cewa abin zai zo da sauƙi. Wata shida na damina sai an yi ta feshi don kawai a tsira da ganye, ƙurar hunturu tana rage hasken rana a wasu makonni, tsuntsaye kuma a rani ba su da wani zaƙi a daji sai naka. Kuringa ba ta ba da amfanin kirki sai ta shekara uku, ga kuɗin turaku da waya.

Wani zai kawo maganar ƙasa, ya ce ai wajen Panyam da Kerang akwai jar ƙasar tsohon dutse mai aman wuta, irin ta dutsen Etna na Sisili inda ake noma farin inabin Carricante har kusan mita 1,000. Ƙasar tana da kyau, ba musu. Amma zancen da masu talla ke yi cewa ana jin ɗanɗanon dutse a cikin kwalba, ni ban saye shi ba. Saiwa ba ta tsotso ƙamshin dutse. Abin da ƙasa ke yi shi ne ta riƙe ruwa ko ta sake shi, ta ba da abinci da yawa ko kaɗan, wannan kuma ya shafi yawan ganye da girman ƙwaya. A wurinmu ƙasa mai albarka sosai ma matsala ce, don ganye za ta ƙara.

Wane iri za a dasa? A nan ne bambancin Muscat da Sauvignon ya zama maganar kasuwa. Mafi yawan masu sayen da ke kewaye da mu, daga Bauchi zuwa Kano, ba mashaya ba ne. Abin da ake buɗewa a wurin biki a Abuja ana kiran sa wayin mara giya, sau da yawa ruwan inabi ne da aka sa wa gas, bai taɓa tsimuwa ba. Wanda kuma aka tsima aka cire masa barasar, wani kaso na ƙamshinsa yakan bi ta ya tafi, shi ya sa manyan masana'antu ke fara tatse ƙamshin su ajiye gefe, su mayar daga baya. Inabin da ƙamshinsa ke ɗaure sai yis ya kwance shi ba shi da abin da zai ba wannan kasuwar, ruwansa ɗanye ruwan sukari ne mai warin ganye. Wanda ƙamshinsa ke sake tun a gona kuwa, ko ci aka yi, ko matsewa, ko shanyawa, yana nan. Kuma akwai irin da ya dace da wannan siffar, Muscat na Iskandariyya, tsohon iri mai jure zafi da ake ci ɗanye, ake busarwa, ake kuma tsimawa. Shi ne ɗaya daga cikin iyayen Torrontés ɗin Cafayate, shi ake nomawa a Tarija ta Bolibiya sama da mita 1,600, a Afirka ta Kudu ana ce masa Hanepoot. A tsibirin Pantelleria da ke tsakanin Sisili da Tunisiya sunansa Zibibbo, daga kalmar Larabci zabib, wadda mu ma muka aro muke cewa zabibi. Rauninsa shi ne ba ya jure cutar laima, saboda haka duk abin da na faɗa game da feshin damina ya hau kansa.

Da na koma Bukuru na zayyana wa kawu wannan duka, bai ce komai ba game da Ajantina. Abin da ya riƙe shi ne datsewar. "Wato in aske ta ƙwal a Oktoba, ganyen da na sha wahala ya fito?" Na ce haka ne, a bar ido biyar ko shida a kowane reshe, a kuma riƙa ba ta ruwa a gindi, kada a watsa a ganye. Ya daɗe yana kallon rumfar. Abin da ya dame shi, ya ce, inuwar alwalarsa ce, don ba ta dawowa sai bayan mako uku ko huɗu. Daga baya ya aiki jikansa ya karɓo almakashi a wurin telan bakin layi, na ce a mayar masa da abinsa, na datse rassa ake nema, mai lanƙwasasshen baki, irin na masu gyaran furanni a Rayfield.